Raɗaɗin Tafin Ƙafa: Cutar Siraran Jijiyoyi da Yadda Ake Gane Ta

Gabatarwa

Ina da wata gwaggo a Tirwun, tsohon garin Gerawa da yanzu birnin Bauchi ya kusa haɗiyewa, wadda ta yi fiye da shekara biyu ba ta kwanciya sai da bokitin ruwa a gindin gadonta. Da dare ya raba sai ta tashi zaune ta tsoma ƙafafunta a ciki, ta yi ta gyangyaɗi har a kira assalatu. Da rana kuwa babu wanda zai ce wani abu na damunta, domin tana tuyar masarta, tana zuwa biki da suna kamar kowa. Ƙafar ba ta kumbura ba, ba ta yi ja ba, ba ta da rauni. An yi mata hoton ƙashi an ce lafiya lau. An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, kamar yadda aka saba yi wa duk wanda ya ce wash, ta sha magungunansu, babu abin da ya sauya. Daga nan sai kowa ya kawo tasa fassarar. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce ta taka sammu, wasu kuma suka koma gefe suna cewa raki ne irin na tsufa.

Wata rana na tambaye ta: "Gwaggo, wai shin yaya kike jin ciwon nan?" Sai ta amsa da Bausancinta, wanda ba ruwansa da cewa kalmar ƙafa mace ce: "Ɗana, ƙafana ne ke ci da wuta kamar na taka garwashi. Amma taɓa ka ji, sanyi ƙalau." Na taɓa, na kuwa ji sanyi. Daga baya na gane cewa a wannan 'yar magana ta riga ta faɗi rabin abin da likita yake bukata.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan irin wannan ciwo, wanda likitoci ke sakawa a cikin rukunin niyuropati, wato lalacewar jijiyoyi, kuma a nan siraran jijiyoyin ne ke lalacewa. Mai karatu zai iya tambayar me ya kawo maganar asibiti cikin mujallar ɗaliban Hausa. Amsar ita ce, cuta ce da hoto ba ya nuna ta, gwaje-gwajen da aka saba yi ma sukan fito lafiya, don haka kalmomin da majinyaci ya yi amfani da su su ne ma'auni na farko da ake gane ta da shi.

Wace Jijiya Ake Nufi?

Matsalar farko daga kalmar jijiya take. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya, haka kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki shi ma jijiya ne. Idan mahauci ya ce nama ya cika jijiya, da abin da yake nufi. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce ta rasa jijiyar da za ta sa ƙarin ruwa, ita ma da nata. Shi ya sa idan aka ce wa majinyaci "ciwon jijiya ne," sau da yawa abin da yake fahimta shi ne jini ya daskare a wurin, sai ya tafi neman wanzami ya yi masa ƙaho. A wannan maƙala, jijiyoyin saƙo muke nufi, waɗanda suka taso daga laka suka bazu ko'ina a jiki.

Kowace jijiyar saƙo dami ce ta dubban zarurruka, kuma ba kaurinsu ɗaya ba. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Joseph Erlanger da Herbert Gasser, su suka nuna cewa gudun saƙo ya danganta da kaurin zare, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1944. Zarurruka masu kauri suna da rufi na kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma saƙo yana iya gudun mita 120 a daƙiƙa ɗaya a cikin mafi kaurinsu. Su ke motsa tsoka, su ke sanar da mutum inda ƙafarsa take ko da idonsa a rufe. Siraran kuwa iri biyu ne. Akwai masu ɗan siririn rufi, da ake kira A-delta, masu gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa. Akwai kuma tsirara marasa rufi, da ake kira C, waɗanda gudunsu bai wuce mita 2 a daƙiƙa ba, wato mai sauri a ƙasa zai iya jerawa da su. Waɗannan siraran su ke ɗaukar saƙon ciwo da zafi da sanyi da ƙaiƙayi, kuma bakinsu yana ƙarewa ne a can saman fata. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da dutse ya san bambancinsu ko da bai san sunansu ba: da farko zai ji suka mai kaifi nan take, sai bayan ɗan lokaci raɗaɗi ya biyo baya a hankali. Na farkon saƙon A-delta ne, na biyun na C.

To me ya sa ciwon yake farawa daga ƙafa? Zaren da ya taso daga gindin baya ya je babban yatsa ya kai kusan mita guda, kuma duk abin da yake rayuwa da shi daga tushensa ake turo masa. Mutanen Bauchi sun san idan ruwan Gubi ya yi rauni, gidan da ke ƙarshen layi shi ke fara ganin famfo ya ƙafe. Haka abin yake a nan. Yatsu da tafin ƙafa ke fara kamuwa, dama da hagu tare, sannan abin ya yi ta hawa kamar ana jan safa, kuma yawanci sai ya kusa gwiwa kafin yatsun hannu su fara. Akwai wani nau'in da ba ya bin wannan tsari, yakan fito nan da can a fuska ko ƙirji ko cinya, amma bai kai na farkon yawa ba.

Sai kuma abin da ya ɗaure wa gwaggo kai, wato ƙafa mai sanyi tana ci da wuta. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin ƙafa. Saƙo kawai take karɓa, kuma tana fassara shi ne gwargwadon layin da ya biyo. Zaren da ya lalace yakan riƙa aika saƙo da kansa ba tare da an taɓa shi ba, idan kuma zaren zafi ne, to wuta za a ji. Misali mafi kusa shi ne attaruhu. Miya ta huce, amma baki yana ƙuna. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka gano wata 'yar ƙofa a jikin waɗannan zarurruka wadda zafin wuta ke buɗewa, sinadarin barkono ma yana buɗe ta, kuma wannan na cikin abin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 2021. Saboda haka raɗaɗin gaskiya ne, ba raki ba ne, ko da babu garwashin. Yakan tsananta da dare, har wasu ba sa iya jure zanen rufa ya taɓa yatsunsu.

Har ila yau, siraran jijiyoyi su ke kula da ayyukan da jiki ke yi ba da umarnin mai shi ba, kamar gumi da bugun zuciya da motsin hanji. Don haka wasu majinyatan sukan ga ƙafa ta daina gumi ta yi kaushi da faso, ko jiri ya ɗebe su idan sun miƙe tsaye, ko baki da ido su bushe, ko ciki ya riƙa ɗaurewa, ko namiji ya sami raunin gaba. Da wuya majinyaci ya haɗa waɗannan da ciwon ƙafarsa, balle ya faɗe su, sai an tambaye shi.

Kalmomin Ciwo

A 1975 wani masani a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, Ronald Melzack, ya fitar da wata takardar tambayoyi mai ɗauke da kalmomi 78 da masu jin Ingilishi ke siffanta ciwo da su, ya kasa su rukuni 20. Hujjarsa ita ce ciwo ba yawa kaɗai gare shi ba, yana da iri, kuma irin yana fitowa a bakin mai shi. A 2005 kuma Didier Bouhassira da abokan aikinsa a Faransa suka fitar da wata gajeruwa mai suna DN4, domin rarrabe ciwon da ya taso daga lalacewar jijiya da sauran ciwuka. Maki 10 gare ta. Bakwai daga cikinsu daga bakin majinyaci ake samun su, uku ne kawai daga gwajin likita, kuma wanda ya sami 4 ko fiye ana kyautata zaton ciwonsa na jijiya ne. Tambayoyin bakwai sun shafi jin ƙuna, da sanyi mai ciwo, da jan lantarki, da tsikari, da sukar allurai, da sagewa, da ƙaiƙayi.

Idan muka duba, Hausa ba ta gaza ba a wannan fage. Zugi daban, raɗaɗi daban. Zugi shi ne na maruru ko haƙori ko ɗan kankare, mai bugawa tare da bugun zuciya, kuma galibi yana nuna kumburi ko ƙwayar cuta. Raɗaɗi kuwa shi ne na ƙuna, ko na barkono a kan yanka, mai ci ba tsayawa. Tsami shi ne na gaɓoɓin wanda ya wuni yana noma. Suka tana zuwa farat ɗaya ta wuce. Sagewa ita ce a ji ƙafa kamar ba ta mutum ba, wasu su ce kamar suna taka auduga ko soso. Akwai masu cewa kiyashi ne ke yawo a cikin fatarsu. Akwai kuma minjirya, sunan kifin nan da ke jan wanda ya taɓa shi, wanda aka ara wa abin da ƙafa ke yi idan an daɗe a zaune a kanta. Bahaushe ya sami wannan kwatance tun kafin wayar lantarki ta iso ƙasarsa, yau kuma jikokinsa na cewa "kamar shokin." Mai ciwon gaɓoɓi zai yi maganar tsami da zugi da ƙagewa. Mai lalacewar siraran jijiyoyi kuwa raɗaɗi da suka da minjirya da kiyashi za a ji a bakinsa.

Amma a ina waɗannan kalmomi suke salwanta? Wuri na farko shi ne bakin tafinta. Likita mai bautar ƙasa da aka turo daga wata jiha, wanda Hausarsa ba ta wuce "ina ciwo?" ba, zai dogara da duk wanda ke kusa, ko ɗan rakiya ko ma'aikacin da ke rarraba kati. Tsohuwa ta yi bayani mai tsawo da garwashi da kiyashi, tafinta ya dunƙule shi a kalmar Ingilishi ɗaya mai nufin ciwo, likita ya rubuta maganin ciwon jiki. A wuri irin Tirwun ma akwai tsofaffin da Geranci ne harshensu na farko, ka ga an sami tsani biyu ke nan kafin magana ta isa.

Wuri na biyu shi ne kalmar sanyi. A Hausa ciwon sanyi ya haɗa ciwon gaɓoɓi da cututtukan al'aura da wasu abubuwa da dama da ba su da dangantaka da juna a wajen likita. Wanda ya fassara tambayar DN4 ta biyu da "kina jin sanyi?" zai sami "e" daga kusan kowace mace, alhali abin da ake nema shi ne ko tana jin ƙafar kamar an dasa ta a cikin ƙanƙara har tana ciwo.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran wuya, shi ne ladabinmu na jinya. "Yaya jiki?" amsarta "da sauƙi," ko da mutum yana gargarar mutuwa. Wannan gaisuwa ce, ba rahoto ba ce, kuma duk Bahaushe ya san haka. Amma idan likita ya rubuta ta a kati a matsayin sakamakon magani, sai a ci gaba da ba da abin da ba ya aiki. Dattijo kuma yana ganin faɗin zafin ciwo a gaban 'ya'yansa zubar da girma ne. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce wadda ba ta da amsar al'ada: sau nawa ciwon ya tashe ki jiya da dare? Kina iya rufa da zane har yatsu? Takalmi ya taɓa zame miki ba ki sani ba? Fassara irin waɗannan takardu aiki ne mai ƙa'ida. Wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar, a kwatanta, sannan a gwada a kan majinyata na gaske. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, ga fili nan: ya zauna da tsofaffi a Bauchi da Azare da Misau ya tattara yadda kowane kari ke siffanta ciwo.

A Gaban Likita

Bayan sauraro sai gwaji, kuma mafi yawansa ba ya bukatar na'ura. Likita zai ɗan soki fata da tsinke mai tsabta daga yatsa zuwa sama, yana tambayar inda aka fara jin kaifinsa sosai. Zai ɗora ƙarfe mai sanyi da abu mai ɗumi. Zai shafa auduga ya ga ko shafar kanta tana ciwo. Sannan zai gwada manyan jijiyoyi: ƙarfin tsoka, da 'yar gudumar roba a agara, da ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa ya yi rawa a ɗora a kan babban yatsa. Idan siraran ne kaɗai suka lalace, za a tarar ƙarfi lafiya, jin rawar ƙarfe lafiya, amma jin tsinke da jin zafi da sanyi sun ragu ko sun rikice.

Akwai gwajin na'ura da ake auna gudun saƙo a jijiya da shi ta hanyar ɗan jan lantarki. Abin lura shi ne manyan zarurruka kawai yake aunawa. Mutum zai biya kuɗi masu yawa, sakamako ya fito lafiya, 'yan'uwa su ce ai ga shi na'ura ma ta ce ba komai. Alhali fitowarsa lafiya tare da raɗaɗi a ƙafa yana ƙara nuni ne ga siraran. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a sa allurar kashe zafi a yanki 'yar fata mai faɗin milimita 3, kimanin santimita 10 sama da idon sawu, a rina ta, a ƙirga zarurrukan da suka shiga saman fata a ƙarƙashin madubin likita, a kwatanta da adadin da ya dace da shekaru da jinsin mutum. Ƙungiyar likitocin jijiya ta Turai ta fitar da ƙa'idojinsa a 2005, aka sabunta a 2010. Akwai kuma gwajin gumi, da na ɗaukar hoton siraran jijiyoyin da ke gilashin ido. Duk waɗannan suna bukatar ɗakin gwaji na musamman wanda ba kowane babban asibiti ke da shi ba, ko a Turai. Rashinsu ba ya hana a gane cutar a fara magani. Ga mutumin Tirwun, hanya ita ce ya fara da asibitin kusa, idan abin ya faskara a tura shi wajen ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Wasu alamomi kuwa ba a jira da su. Idan ƙafa ta fara rauni ko tana jan ƙasa, ko abin yana hawa cikin 'yan kwanaki, ko gyambo ya fito, ko ɗan yatsa ya yi baƙi, ko sha-raɓa na ciwo idan an yi tafiya ya lafa idan an tsaya, to wata maganar ce daban, a tafi asibiti a ranar.

Neman Sanadi

Lalacewar siraran jijiyoyi alama ce, kamar hayaƙi, dole a nemi inda wutar take. Babban sanadi a duniya shi ne ciwon sukari, domin har kusan rabin masu shi sukan sami lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu. Wani nazari da Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 5.77 cikin 100 na 'yan Nijeriya na da ciwon sukari, a Arewa maso Gabas kuma kashi 5.9. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, siraran jijiyoyi kan fara lalacewa tun sukari bai kai matsayin da za a kira shi ciwo ba. Gwajin safe kafin karin kumallo zai iya fitowa ƙasa da 7.0, a ce wa mutum ba shi da sukari. Gwajin da ke tona asiri shi ne a ba shi giram 75 na gulukos ya sha, a auna bayan awa 2. Idan ya kai 11.1 ciwon sukari ne, idan kuma ya faɗa tsakanin 7.8 da 11.0 to yana bakin ƙofa. A nan aka kama na gwaggo, bayan an auna ta da safe har sau biyu an sallame ta. Akwai kuma gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, sai dai yakan yaudari likita a jikin mai sikila ko mai ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, kuma waɗannan ba baƙi ba ne a wajenmu.

Bayan sukari sai ƙarancin bitamin B12, wanda maganin sukarin nan metfomin kansa yakan jawo idan an daɗe ana sha. Maganin tarin fuka isoniyazid yana rage bitamin B6, shi ya sa ake haɗa shi da ita. Abin mamaki, yawan B6 ɗin ma yana lalata jijiya, don haka mai sayen ƙwayoyin "ƙarin ƙarfin jijiya" a kemis wata da watanni yana iya ƙara wa kansa ciwon da yake gudu. Cutar ƙanjamau tana jawo shi, haka tsohon maganinta sitabudin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye tun daga 2009. Sauran sun haɗa da giya, da ciwon ƙoda, da raunin ƙwayar maƙogwaro, da ciwon hanta nau'in C, da magungunan daji, da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita. Kuturta ma siraran jijiyoyin fata take fara ci. Duk wanda ya ga tabo mai haske a jikinsa wanda ba ya jin taɓi, ya je a duba shi. Mutanen Bauchi sun daɗe da sanin Bayara da wannan jinya, kuma maganin kyauta ne, yana warkarwa.

Rashin abinci mai gina jiki ma tsohon sanadi ne. Likitan Indiya Coluthur Gopalan ya bayyana raɗaɗin ƙafa a tsakanin matalauta a 1946, a nan gida kuma Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi fice a shekarun 1960 da bincikensa kan wata lalacewar jijiya a ƙasar Ijebu da ke da alaƙa da dogaro da rogon da ba a sarrafa da kyau ba. A 2012 masu bincike a ƙasar Holan tare da takwarorinsu na Jami'ar Yale suka gano cewa wasu majinyatan gadon wani sauyi suka yi a ƙwayar halitta mai suna SCN9A, wanda ke sa zaren ciwo saurin tashi. Duk da haka, a kusan rabin majinyata ana gama bincike ba a sami sanadi ba. Wannan ba ya nufin sammu ne. Yana nufin a riƙa maimaita gwajin sukari lokaci-lokaci, a kuma ci gaba da rage raɗaɗin.

Magani

Aiki biyu ne: a kashe wutar, a kuma rage hayaƙin. Na farko shi ne gyara sanadi. A 2006 wasu likitoci a Jami'ar Utah ta Amurka suka bi mutum 32 masu sukarin bakin ƙofa da lalacewar jijiya, suka sa su gyaran abinci da motsa jiki na shekara guda, sai aka ga zarurrukan fatarsu sun ƙaru, raɗaɗi ya ragu. Wato siraran jijiyoyi suna iya sake tofowa idan an kama abin da wuri. Ga wanda sukarinsa ya daɗe a sama kuwa, a hankali ake sauko da shi, domin faɗuwarsa farat ɗaya kan tayar da raɗaɗi mai tsanani.

Na biyu shi ne inda aka fi asarar kuɗi. Farasitamol da ibufurofen da dikilofenak an yi su ne domin zugi da tsami, ba su cika taɓa raɗaɗin jijiya ba, biyun ƙarshe kuma suna cin ciki da ƙoda idan an daɗe a kansu. Magungunan da ke aiki asalinsu na wasu cututtuka ne. Amitiriftilin da duloksetin na ciwon damuwa ne, gabafentin da firegabalin na farfaɗiya ne. Ya kamata a gaya wa majinyaci wannan tun farko, domin na ga wanda ɗansa ya karanta masa takardar cikin kwali, ya yi fushi ya ce likita ya mayar da shi mahaukaci, ya watsar da maganin. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma sai an yi makonni kafin a yanke hukunci. Amitiriftilin ya fi araha, da dare ake shan sa, amma yana busar da baki, yana sa barci da ɗaurewar ciki, kuma ana taka-tsantsan da shi ga tsofaffi da masu ciwon zuciya da masu wahalar fitsari. Gabafentin da firegabalin suna sa jiri, ana rage su ga mai ciwon ƙoda, direba da ɗan acaɓa kuma su faɗa wa likita sana'arsu. Ba a daina ɗayansu rana ɗaya. Mai niyyar azumi ya nemi a tsara masa lokutan sha tun watan Sha'aban.

Kada kuma a yi wa majinyaci alkawarin da ba za a cika ba. Wani babban nazari na 2015 ya nuna sai an bai wa mutum kusan 4 amitiriftilin ko danginsa kafin a sami 1 da maganin ya rage wa ciwo sosai, a duloksetin kusan 6, a gabafentin da firegabalin 7 zuwa 8. A 2022 wani gwaji da Solomon Tesfaye ya jagoranta a Ingila ya nuna cewa ko da amitiriftilin aka fara, ko duloksetin, ko firegabalin, sakamakon kusan ɗaya ne ga masu ciwon sukari, kuma haɗa biyu yana taimakon wanda ɗaya bai ishe shi ba. Ma'ana, mai tsada bai fi mai araha ba, kuma idan na farko ya ƙi, a gwada na biyu. Abin da ake nema shi ne raɗaɗi ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko rabi, mutum ya sami barci ya koma sana'arsa. Tiramadol da kodin kuwa ba abin dogaro ba ne ga ciwon da zai daɗe, kuma mun ga ɓarnar da suka yi a Arewa har gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Firegabalin ma ya shiga hannun masu shaye-shaye, haɗa shi da waɗancan kuma yana iya tsayar da numfashi. Akwai magungunan mannawa a fata, har da wanda aka yi da sinadarin barkono mai ƙarfi, amma a asibiti ake manna shi. Wannan ba izini ba ne na a kirɓa attaruhu a shafa.

Sai kula da ƙafar kanta, domin ƙafar da ke raɗaɗi ita ce kuma ba ta jin ƙuna ta gaske. Da hunturu mutum zai miƙa ta ga kaskon wuta har ta yi bororo bai sani ba. Haka yashin tsakar rana a harabar masallaci ranar Juma'a. Ruwan wanka da gwiwar hannu za a gwada zafinsa. Tsaga da sakiya da ƙaho a irin wannan ƙafa, musamman ga mai sukari, hanya ce ta gyambon da kan kai ga yanke ƙafa. Alwala sau biyar dama ce ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, a tsane su, a shafa mai a dunduniya, a kuma zazzage takalmi kafin a sa. Ruwa mai ɗan sanyi na 'yan mintoci ba laifi, amma kwana da ƙafa a bokiti yana jiƙa fata ta yi laushi ta tsage, ƙanƙara kuwa ba a sa ta sam.

Gwaggo ta rage shan shayi mai sukari da cin masar da ta kwana, tana zagaya unguwa da ƙafa bayan la'asar, tana shan ƙwaya ɗaya da dare. Sai da aka canja mata magani sau ɗaya kafin a dace. Bokitin ya koma madafa. Raɗaɗin bai tafi duka ba, yakan motsa idan ta wuni a tsaye a gidan biki. Har yau idan likita ya ce "Mama, yaya jiki?" cewa take "da sauƙi," sai 'yarta da ke raka ta ta ƙara da cewa a makon nan sau biyu ta tashi da dare, a wancan kuwa sau biyar.